Yadda ake farautar ƙirƙirarren harshe ta kamanninsa

Ba kowane harshe ne aka tsotsa a nono ba. Akwai waɗanda mutum ɗaya ne ya zauna da alƙalami ya zaɓar musu baƙaƙe da wasula, ya gina musu nahawu, ya ƙaga musu kalmomi, sannan ya fito da su yana neman masu koyo. Wanda ya fi shahara shi ne Esperanto, wanda likitan ido L. L. Zamenhof ya buga littafinsa na farko a birnin Warsaw a 1887. Amma ba shi ne farau ba. Tun a ƙarni na 12 wata malamar coci a Jamus, Hildegard ta Bingen, ta bar jerin kalmomi kusan dubu na wani harshe nata, kuma a 1668 John Wilkins ya fitar da ƙaton littafi a Ingila yana ƙoƙarin rarraba duk abin da ke duniya gida-gida, ya ba kowane gida sautinsa. A 2009 Arika Okrent ta jera irin waɗannan harsuna 500 a ƙarshen littafinta, ta kuma nuna cewa ba ta ƙure su ba. Tun da intanet ta shiga hannun kowa, yawansu ya wuce a ƙirga.

Wannan yawa ne ya haifar da tambayar da nake son mu duba. Ɗalibin kimiyyar harshe zai so ya san ko akwai ƙirƙirarren harshe da ba shi da aikatau. Marubucin labari da ke neman harshen da zai sa a bakin wasu baƙin halittu zai so wanda yake da sauti mai ƙarfi a maƙogwaro. Mai ƙirƙira kuma, kafin ya ɓata shekaru, zai so ya ga ko wani ya riga shi gwada dabarar da ta faɗo masa. Duk tambayarsu ɗaya ce: wane harshe ne yake da siffa kaza? Da jin ta kamar a buɗe ƙamus a ga amsa. Ba haka take ba, kuma dalilan wuyarta su ne suka fi koyar da mutum yadda harshe yake.

Bari mu fara da inda abin ya zo da sauƙi, wato jerin kalmomi a jimla. Bahaushe yana cewa "Audu ya sayi doki": aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a ƙarshe. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ya san wani tsarin, inda fi'ili ke shigowa kafin fa'ili. A babbar taswirar siffofin harsunan duniya da ake kira WALS, wadda ta fito a littafi a 2005 aka sa ta a intanet a 2008, Matthew Dryer ya duba harsuna 1,376 a kan wannan batu. Masu ajiye aikatau a ƙarshe, irin su Turkanci da Jafananci da Barbarci, sun kai 564. Masu tsari irin na Hausa 488 ne. Masu fara jimla da aikatau sannan aikau, 95. Amma waɗanda ke fara jimla da karɓau, su bi da aikatau, su rufe da aikau, guda 11 kacal ya samu, cikinsu har da Hixkaryana na ƙasar Birazil. A irin wannan harshe, jerin "doki, saya, Audu" shi ne yadda ake cewa Audu ya sayi doki, ba tare da wani ƙarfafawa ba.

Duk wanda ya tambayi ƙirƙirarren harshe mai wannan tsari, amsar za ta zo masa nan take: Klingon, wanda Marc Okrand ya tsara don finafinan Star Trek, ƙamusunsa ya fito a 1985. Okrand masanin harshe ne, ya yi digirinsa a kan Mutsun, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya, saboda haka ya san abin da ya yawaita a bakin 'yan Adam da abin da ya yi ƙaranci, ya kuma ɗauki mai ƙarancin da gangan domin masu maganar su zama baƙi a kunne. Amsar ta yi sauƙi ne domin siffar tana daga cikin dalilan da aka yi harshen.

Daga nan hanya ta farko take fitowa, kuma a ganina ita ce mafi amfani: kafin ka nemi siffa, ka tambayi wane irin mutum ne zai so ta. Mai son haɗa kan al'ummai da harshe ɗaya, kamar Zamenhof, ko limamin cocin nan Johann Martin Schleyer da ya fito da Volapük a 1879, sauƙin koyo yake nema. Ba za ka je wurinsa neman karin sauti mai rarrabe ma'ana ko jam'i mai hanyoyi goma ba. Mai son gwada wani tunani kuwa yakan ɗauki siffa ɗaya ya kai ta maƙura. James Cooke Brown ya fara Loglan a 1955 don ya gwada ra'ayin nan cewa harshe yana sarrafa tunanin mai magana da shi, magajinsa Lojban kuma, wanda aka fara a 1987, an gina shi yadda jimla ba za ta ɗauki fassarar nahawu biyu ba. Sonja Lang ta bi ta ɗaya gefen a 2001 da Toki Pona, mai sautuka 14 da kalmomi 120 a littafinsa na 2014. Sai masu yi don adabi da fim, waɗanda ke son harshe ya yi kama da wanda ya tsufa a bakin jama'a, da gargadarsa da togaciyarsa. Wanda ya gane wannan rabo ya rage wa kansa kashi biyu cikin uku na wahalar nema.

Yanzu a ce Bahaushe ne mai tambayar, yana son ya ga sautukan harshensa a wani ƙirƙirarren harshe. Malaman tsarin sauti suna kiran ƙ da ts tunkuɗau, domin ana rufe maƙwallato a tunkuɗo iskar da ke sama da shi. Suna kiran ɓ da ɗ haɗiyau, domin maƙwallaton ƙasa yake yi kamar ana haɗiya. Tunkuɗau yana da gida sananne: harshen Na'vi, wanda Paul Frommer ya yi wa fim ɗin Avatar na 2009. Yana da guda uku, ana rubuta su px, tx da kx. Wannan kx ɗin ƙ ɗinmu ce, wadda yaron Kano ke furtawa a "ƙasa" ba tare da ya san akwai wani abin wahala a ciki ba, alhali ita ce ke ba masu koyon Na'vi daga Turai da Amurka ciwon kai. Haɗiyau fa? Ka duba Esperanto, Klingon, Na'vi, Lojban, Toki Pona da Láadan da za mu gani nan gaba, babu ɗaya da ke da ɓ ko ɗ, duk da cewa sautuka ne na yau da kullum a Hausa da Fulatanci da harsuna da dama na wannan yanki.

A nan akwai tarko. Klingon yana da wani harafi da ake rubutawa da babban D, kuma ana bayyana shi da cewa ba irin d ɗin Turanci ba ne. Mai gaggawa zai ce ga ɗ nan. Ba ita ba ce. D ta Klingon ana lanƙwasa kan harshe ne baya zuwa ganɗa, irin yadda ake yi a harsunan Indiya, iskar kuwa daga huhu take fitowa kamar kullum. Haka x ta Na'vi ba ta da dangantaka da x ta kowane harshe, alama ce kawai da ke cewa a tunkuɗo baƙin da ya gabace ta. Kowane mai ƙirƙira da irin rubutunsa, don haka neman sauti ta hanyar harafi ɓata lokaci ne. Sai an je ga bayanin yadda ake furta shi.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne inda sunan siffa ɗaya yake rufe abubuwa mabambanta. A ɗauki alamar madogarar zance, wato yadda harshe ke nuna ko mai magana ya gani da idonsa, ko ji ya yi, ko zato yake. Bahaushe yana da "wai". Idan ya ce "wai Sarki ya iso", ya zare hannunsa daga labarin. Amma ba dole ba ne ya faɗe ta, yana iya cewa "Sarki ya iso" ko da ji ya yi, nahawu ba zai kama shi da laifi ba. Akwai harsunan da ba haka suke ba, irin su Tuyuca na yankin Amazon, inda aikatau ba ya cika sai da alamar da ke nuna ta ina labarin ya zo.

Suzette Haden Elgin ta ɗauki wannan ta gina a cikin Láadan a 1982, harshen da ta tsara don ya fi ɗaukar abin da mata ke son faɗa. A ƙarshen jimlar bayani ana sa wata 'yar kalma. Wa tana nufin ni na gani ko na ji a jikina. Wi, abin a fili yake ga kowa. We, a mafarki na gani. Wáa, na ji daga wanda na amince da shi. Waá, na ji daga wanda ban amince da shi ba. Wo, ƙagawa na yi. Wóo, ban san ingancinsa ba. A lura da wáa da waá: baƙi ɗaya, wasula ɗaya, wurin hawan murya ne kawai ya raba gaskatawa da ƙaryatawa. Wato Láadan ya amsa tambaya ta biyu ma, ta mai neman harshe mai karin sauti, abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi tun yana goye. Ina ganin wannan tsari na Elgin yana daga cikin kyawawan abubuwan da aka taɓa ƙirƙira a wannan fage, domin ya taɓa wata matsala ta gaske: yadda ake gaya wa mutum cewa abin da ya ji a ransa ba haka ba ne. Wanda ya rufe zancensa da wa ya riga ya ce wannan abin da ni na ji ne, ba a buɗe shi don gardama ba.

To, Lojban ma yana da irin waɗannan alamomi, kuma daga Láadan ya samo dabarar. Sai dai a Lojban ganin dama ne, kamar "wai" ɗinmu. Idan wani rumbun bayanai ya rubuta "akwai" a gaban Láadan, ya rubuta "akwai" a gaban Lojban, bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye bambancin da mai binciken ya zo nema. Mai son ya san yadda zance zai kasance idan an tilasta wa kowa bayyana madogararsa, Láadan ne abokin tafiyarsa, Lojban ba zai nuna masa komai ba. Saboda haka tambayar "yana da shi?" ba ta isa ba. Sai an ƙara da "dole ne ko zaɓi?", da "a jikin aikatau yake ko kalma ce mai zaman kanta?", da "kashi nawa aka raba shi?".

Haka abin yake a i'irabi, wato alamar da suna ke ɗauka don nuna matsayinsa a jimla. Wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san raf'u da nasabu da jarru, ya san cewa a Larabci fa'ili raf'u yake ɗauka, ko aikin ya faɗa kan wani ko bai faɗa ba. Audun da ya zo da Audun da ya sayi doki alamarsu ɗaya, doki ne ke da ta daban. Akwai harsuna, irin su Basque a Turai, da suke haɗa Audun da ya zo da dokin da aka saya a alama ɗaya, su ware mai sayen. Akwai kuma 'yan ƙalilan da suke ba ukun alama uku. Frommer wannan na ukun ya zaɓa wa Na'vi: "ni" shi ne oe idan aikin bai faɗa kan kowa ba, oel idan ni na aikata a kan wani, oeti idan a kaina aka aikata. Ya kuma ƙara da raba "mu" gida-gida: mu biyu ban da kai, mu biyu ni da kai, mu uku, mu da yawa. Hausa "mu" ɗaya gare ta, amma maƙwabtanmu Fulani suna raba "mu har da kai" da "mu ban da kai" tun fil azal.

Idan kuma yawan i'irabi ake nema, kowa Ithkuil zai nuna maka, aikin John Quijada, wanda ya so ya cusa ma'ana mafi yawa da mafi daidaito a kalma mafi gajarta. Sai dai wane Ithkuil? Na 2004 yana da i'irabi 81 da baƙaƙe 65. A 2007 ya sake shi da suna Ilaksh, ya rage sautukan. Na 2011 yana da i'irabi 96. Daga baya ya sake fitar da wani sabo da adadin ya ragu. Harshen da aka gada yana sauyawa a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru, kuma ba da umarnin kowa ba. Ƙirƙirarre yana iya kwana da siffa ya tashi babu ita, domin mai shi ya sake shawara. J. R. R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya fi kowa wannan hali. Ya yi shekaru sama da hamsin yana gyara Quenya, ɗaya daga cikin harsunan da ya ƙirƙira, kuma ɗafa-ƙeyar da ke nufin "mu har da kai" a rubutunsa na wani zamani ta koma nufin "mu ban da kai" a na wani zamanin. Har yau masu nazarin takardun da ya bari suna rubuta shekara a gefen kowace kalma. Duk amsar da ba ta zo da shekara ba, rabin amsa ce.

Matsala ta gaba ita ce wadda na fi ba muhimmanci. Siffar da ke littafin nahawu daban, wadda ke bakin mutane daban. Masanin da ya je ƙauye ya rubuta nahawun wani harshe, daga maganar mutane ya ciro dokokin. A ƙirƙirarren harshe dokar ce ke riga maganar zuwa, wani lokaci ma maganar ba ta zuwa sam. Mutum yana iya rubuta cewa harshensa yana da i'irabi arba'in, alhali duk abin da aka taɓa rubutawa da harshen jimla goma ce, kuma biyar daga cikin arba'in ɗin ne suka fito a cikinsu. Sauran talatin da biyar alkawari ne, ba a gwada su ba.

Esperanto ne ya ba mu damar ganin abin da ke faruwa idan doka ta shiga baki, domin shi yana da mutanen da suka tashi da shi a gida tun suna jarirai. Dokar Zamenhof ta ce karɓau yana ɗaukar -n a ƙarshe. A 2001 Benjamin Bergen ya buga nazarin da ya yi a kan maganar yara takwas masu Esperanto a matsayin harshen gida, ya ce ya ga suna yawan yar da wannan -n, kuma abin yana tafiya da ɗaya harshen da yaron yake ji. Jouko Lindstedt, masani daga Finland, ya soki yadda aka fassara sakamakon, yana ganin tasirin sauran harsunan yaran ne kawai, ba wani sabon Esperanto ne ke tsirowa ba. Ko wanne ya fi gaskiya, tambayar "Esperanto yana da alamar karɓau?" ta rabu biyu: a Fundamento na 1905, wanda shi ne tushen dokokin harshen, babu shakka akwai, a bakin kowane mai magana, sai an saurara. Haka wakilin sunan nan ri, wanda wasu masu Esperanto na yanzu ke amfani da shi don kauce wa bambanta namiji da mace. Ba ya cikin Fundamento, amma yana bakin mutane.

Siffar "babu" ta fi kowacce bukatar a bi ta a hankali. Sylvia Sotomayor ta tsara Kēlen don ya karya abin da ake ɗauka dokar duk harsunan 'yan Adam ce, wato samun aikatau. A madadinsa ta sa ƙananan kalmomi huɗu, la, ñi, se da pa, masu nuna dangantaka tsakanin sunaye: kasancewa, sauyin hali, bayarwa da karɓa, da mallakar ɓangare. Aiki ne mai kyau da natsuwa. Amma mai karatu yana da damar ya tambaya: kalma huɗun nan da ke riƙe da jimla, ba aikatau huɗu ba ne da aka sauya wa suna? Akwai harsunan gado a arewacin Ostireliya da aikatau masu ɗaukar ɗafi a cikinsu ba su da yawa, sauran ma'anar wasu kalmomi ne ke ɗauke da ita. Amsar ta dogara ga abin da ka yarda shi ne aikatau, kuma wannan gardama ce da masana ba su gama ba ko a kan harsunan da Allah ya halitta mutane da su.

Ina ake zuwa nema, a aikace? WALS ba ta sa ƙirƙirarrun harsuna. Saboda haka masu wannan sha'awa suka gina tasu a kan tsarinta, suka kira ta CALS, da tambayoyi iri ɗaya, yadda za ka zaɓi siffa ka ga jerin harsunan da aka ce suna da ita. Akwai kuma ConWorkShop, inda masu ƙirƙira ke ajiye ƙamus da nahawun harsunansu, da FrathWiki mai tara bayanai. Suna da amfani matuƙa wajen samo sunayen da ba za ka taɓa ji ba. Sai dai bambancinsu da WALS babba ne. A WALS ƙwararru ne suka rubuta babukan, a kowane babi aka auna duk harsunan da ma'auni ɗaya, aka faɗi littafin da aka dogara da shi. A waɗannan kuwa, galibi mai harshen ne da kansa yake cike gurbin, da fahimtarsa ta kalmomin fannin, wadda tana iya zama daidai tana iya zama ta sabon shiga. Gurbin da aka bari fayau ba ya nufin siffar babu, sau da yawa gajiya ce ta kama mai cikewa. Kuma shafukan intanet suna mutuwa: Langmaker na Jeffrey Henning, wanda a zamaninsa shi ne babban kundin wannan fage, ya rufe, sai abin da aka tsamo daga ma'ajiyar tsofaffin shafuka.

Sannan wani abu da dole a faɗa: da yawa daga abin da ke cikin waɗannan rumbuna Turanci ne aka sauya wa kalmomi. Kamar zaurance ne a wurinmu, wanda ke juya gaɓoɓi har baƙo ya kasa ganewa, amma nahawun da ke ƙarƙashinsa Hausa ce tsantsa. Irin wannan zai iya shiga jerin masu siffa kaza saboda mai shi ya rubuta haka, amma da ka karanta jimlolinsa sai ka ga ƙashin bayan na Turanci ne.

Wannan ya kai mu ga dalilin da ya sa ɓ da ɗ suka yi wuyar samu. Jerin siffofin ƙirƙirarrun harsuna ba hoton abin da harshen ɗan Adam zai iya ba ne, hoton abin da masu ƙirƙira suka karanta ne. Tolkien ya ƙaunaci harshen Finland da na Wales, sai Quenya ya ɗauko yawan i'irabi daga na farko, Sindarin, wani harshen nasa, ya ɗauko sauyin baƙin farkon kalma daga na biyu. Yau duk mai neman wannan sauyi a ƙirƙirarren harshe Sindarin za a nuna masa, a ce masa siffa ce ta harsunan Celtic, dangin harshen Wales. Amma Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, ga ta nan a Fulatanci da tsari mai zurfi, haɗe da azuzuwan suna sama da ashirin. David Peterson ya ba High Valyrian, harshen da ya tsara wa shirin talabijin na Game of Thrones, jinsi huɗu, na wata, na rana, na ƙasa da na ruwa, abin ya burge mutane ƙwarai, kuma ya cancanta. Sai dai wanda ya san Fulatanci ko Swahili ba zai ga huɗu da yawa ba. Su kansu masu ƙirƙira suna da wata magana da suke yi wa juna, cewa duk abin mamakin da ka ƙago, wani harshen gado ya riga ka, kuma nasa ya fi naka rikitarwa.

Ba a ce Afirka ba ta ƙirƙira ba. K. A. Kumi Attobrah na Ghana ya fito da Afrihili a 1970, yana jingina da Swahili da Akan, don ya zama harshen nahiyar baki ɗaya. Alex Igbineweka na Nijeriya ya fara Guosa a 1965, yana ɗebo kalmomi daga Hausa da Yarbanci da Ibo. Mai neman kalmomin Hausa a ƙirƙirarren harshe, Guosa ne wurin zuwansa. Amma aron kalma daban, aron siffar nahawu daban, kuma duka biyun harsunan haɗa kai ne, irin waɗanda manufarsu ke tura su ga sauƙaƙawa.

Iyakar fagen ma ba a shata take sosai ba. Mai neman sautin ƙyas-ƙyas irin na Zulu da Xhosa zai iya tuna harshen mutanen Wakanda a fim ɗin Black Panther, amma wannan Xhosa ne na gaske, ba wanda ya ƙirƙira shi. A gefe guda kuma akwai Damin, harshen tsafi na mazan Lardil a tsibirin Mornington na Ostireliya, mai kalmomi kusan 150, wanda Ken Hale ya nazarta. Shi kaɗai aka sani a wajen Afirka da ya yi amfani da irin waɗannan sautuka a cikin kalmomi, kuma masana da dama suna ganin dattawa ne suka tsara shi da gangan. Akwai kuma Balaibalan, wanda ya fito daga da'irar Sufaye a zamanin Daular Usmaniyya, da nahawun da ya ɗebo daga Larabci da Farisanci da Turkanci, aka rubuta shi da haruffan Larabci. Rumbun da ya fara lissafinsa daga Turai zai iya tsallake waɗannan biyun, alhali su ne amsar wasu tambayoyin.

Akwai kuma siffar da ba za ka same ta ta hanyar rumbu ba ko da tana nan, domin ba a tanadar mata gurbi ba. A Hausa muna cewa ya fita, ya fito. Ya sayi goro, ya sayo goro. Ya aika, ya aiko. Wannan -o ɗin da F. W. Parsons ya sa a aji na shida na aikatau a rabonsa na 1960 yana nuna cewa aikin ya nufo inda mai magana yake. WALS ba ta da babi a kansa, don haka CALS da ta kwafi tambayoyinta ba ta da inda za a rubuta shi. Mai neman ƙirƙirarren harshe da ke yin haka dole ya bar jerin siffofi ya koma ga nassi. Ya ɗauki jimloli biyu da ba abin da ya raba su sai wannan siffa, "ya fita daga ɗaki" da "ya fito daga ɗaki", ya nemi yadda harshen ke faɗin kowacce, a fassarorin da aka yi da shi ko daga bakin mai shi idan yana raye. Idan jimlolin sun fito iri ɗaya, siffar babu. Idan an raba su da ƙarin kalma mai ma'anar "nan", rabin hanya aka zo. Idan aikatau ne da kansa ya sauya, kuma ya sauya haka a "saya" da "aika" da "kai", to an samu.